Dalilin da ya sa aka haifi yayanku a Amurka

Na sha jin ku kuna magana ƙasa-ƙasa duk lokacin da aka zo sabunta iƙama, takardar izinin zamanmu a nan, wani ya ce da ma Umma ta yi wa kowa irin gatan da ta yi wa Yaya. Ban taɓa tanka muku ba. Ina da amsa, sai dai labarin yana da tsawo, kuma mutanen da ke cikinsa suna raye a lokacin, ban so in yi maganarsu suna ji. Yanzu duk sun riga mu gidan gaskiya, saura ni da kawunku Sani, shi kuwa ya ce in rubuta, bai ga abin ɓoyewa ba.

A Nuzla, wata unguwa a Jidda, aka haife ni. Baba ma a ƙasar nan aka haife shi, mahaifinsa ne ya tako da ƙafa daga wajen Katsina, ya bi ta Sudan yana noma yana gaba har ya iso. Baba bai taɓa ganin ƙasar Hausa da idonsa ba, amma idan yana faɗa da Hausa yake yi, idan yana ciniki ya koma Larabci. Tsire yake sayarwa a bakin kasuwa, kuma duk Nuzla an san yajinsa. Abu ɗaya ya sa a gaba tun ina ƙarama, wato tabi'iyya, takardar zama ɗan ƙasa. Ya shigar da neman da sunansa da na Inna da namu duka. Bayan 'yan watanni sai ya sa farar rigarsa, ya shafa turare, ya tafi ofis ya tambaya. Idan ya dawo Inna ba ta tambayarsa, yadda ya ajiye takalmi kawai take kallo.

Babanku kuwa ko takardar da zai jira ba shi da ita. A goye aka shigo da shi, mahaifinsa ya rasu a hanya kafin su haye teku, babu wanda ya rubuta sunansa a ko'ina. Gyaran rediyo yake yi a wani ɗan shago da bai fi faɗin tabarma biyu ba. Mutum ne mai son labarin duniya, yana gyara yana saurare, har mutanen unguwa sukan tsaya su tambaye shi abin da ake ciki. Amma da zarar an ce ga 'yan binciken takardu sun shigo layi, sai ya ja ƙofar shagon ya bi ta baya. Ɗa kuwa a nan uba yake bi. Mun san haka tun ranar da aka ɗaura mana aure, ba ma dai maganar.

Ni ina aiki a unguwar Bagdadiyya, gidan wasu Amurkawa. Maigidan injiniya ne, yana gyaran jirage a filin jirgi, ba a cika ganinsa ba. Matar, Madam Rut, doguwa ce mai saurin dariya, malamar makaranta ce a ƙasarsu kafin ta biyo miji. 'Yarsu ɗaya, Suzi, shekararta biyar, shan-inna ya taɓa mata ƙafar hagu. Ranar da na fara aiki na tarar da ita tana ja da gindi a tsakar ɗaki tana kuka, ban yi shawara da kowa ba na ɗauko zane na goya ta. Madam ta fito ta gan mu ta riƙe baki. Tun daga ranar yarinyar nan ta liƙe mini. A bayana take barci, a hannuna take cin abinci, har ta iya cewa "ba na so" da "ƙara mini" da Hausa. Ni da Madam kuwa da gutsuren Larabcinta da gutsuren Turancina muke fahimtar juna, inda ya gagara mu ƙarasa da hannu.

Wata safiya ina yanka albasa ta shigo kicin ta jingina da ƙofa. Ta ce likitocin ƙasarsu sun yarda za su yi wa Suzi aiki a ƙafa, za a yi wata bakwai ko fiye, kuma maigidan ba zai iya barin aiki ba.

"Hawa, ki zo mu tafi tare. Kin san ba za ta ci komai a hannun kowa ba."

"Madam, ba zai yiwu ba," na ce, ina kallon albasar. "Ina da juna biyu. Wata uku ke nan."

Na ɗauka magana ta ƙare. Ta rungume ni tana murna, sai kuma ta sake ni ta tsaya tana lissafi da yatsu.

"To ai a can za ki haihu. Kin san abin da hakan yake nufi? Ɗan zai zama Ba'amurke."

Dariya na yi har da hawaye, na albasa da na dariya. Na ce mata ni a nan aka haife ni, a nan aka haifi ubana, har yau muna jiran a ce mana mu 'yan wani wuri ne. Ta yaya baƙuwa za ta je da ciki ta dawo da ɗan ƙasa? Ta fita, sai ga ta da wani ɗan littafi da bai fi tafin hannu ba, duk gefensa ya lanƙwashe. Ta ce da shi take koyar da yara. Ta ce ƙasarsu tana da rubutu guda da ake kira tsarin mulki, yana sama da shugaban ƙasa, yana sama da alƙalai da masu yin doka. Bayan yaƙin da suka gwabza a tsakaninsu kan bauta, sai aka ƙara wasu layuka a ciki, cewa wanda duk aka haifa a ƙasar ɗan ƙasa ne, in ban da irin 'ya'yan jakadu. Ta ɗora yatsa a kan layin, kamar zan iya karantawa. Ta kuma ba ni labarin wani mutum da iyayensa 'yan Sin ne, aka haife shi a can, ya je ganin dangi, da ya dawo aka tare shi a tashar jirgin ruwa aka ce shi baƙo ne. Ya kai ƙara, magana ta yi ta hawa har kotun da babu wata samanta, alƙalai suka ce a buɗe masa hanya, ɗan ƙasa ne, hukuma ce ta yi kuskure.

"Hukuma ta yi kuskure," na maimaita. Ban taɓa jin an haɗa kalmomin nan biyu a fili ba, har sai da na waiga taga.

Da na koma gida bayan la'asar na faɗa wa babanku, a matsayin abin dariya. Bai yi dariya ba. Ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce shi fa rediyo ba haka take gaya masa ba. Ya ce a ƙasar nan da ake yabo ana sakar wa baƙaƙe karnuka, ana hana su shan ruwa a famfo ɗaya da farare. Ya ce yana son ya ji daga bakin matar. Ranar Juma'a bayan an sauko ya sa rigarsa mai kyau muka tafi Bagdadiyya. Ya zauna a bakin kujera kamar za ta cije shi, aka kawo masa shayi bai taɓa ba, ya zayyana mata duk abin da ya ji, ni ina tsakiya ina ƙoƙarin fassara.

"Gaskiya ne," in ji Madam. Fuskarta ta yi ja. "Duk abin da ka ji ya faru, har da wanda ba ka ji ba."

"To mene ne amfanin littafin?"

"Littafin ba ya hana a zalunci mutum. Amma wanda aka zalunta yana da abin da zai riƙe ya tsaya gaban alƙali. Wani lokaci yakan yi nasara."

Ta gaya masa yadda a wasu jihohi aka raba makarantun yara, na farare daban na baƙaƙe daban, har iyaye talakawa suka kai ƙara, alƙalai tara na babbar kotun suka haɗu a kan cewa rabawar ta saɓa wa tsarin mulki.

"Masu mulki suka yarda?" ya tambaya.

"Wasu sun ƙi. Sai da aka turo sojoji suka raka yara har ƙofar aji."

"Sojojin hukuma? Suka raka 'ya'yan baƙaƙe?"

"Su kuwa."

Ya shanye shayin da ya riga ya huce, ya yi godiya, muka fito. Mun yi tafiya mai nisa a ƙafa, sai da muka kusa unguwa ya tsaya a inuwar wani gini.

"Kulu, ki je," ya ce. "Ni idan na hango motar hukuma cikina ɗurar ruwa yake yi, alhali ban taɓa ɗaukar allurar kowa ba. Ba na son abin da ke cikin nan ya gaji wannan."

Ku riƙe wannan, domin na ji ana cewa ni na matsa masa. Shi ya fara faɗa. Ni tsoro ne ya cika ni.

Sauran magana ita ce jawaz, wato fasfo. Ba a shiga jirgi sai da shi, kuma hanya ɗaya ce gare ni: in je ofishin jakadancin Nijeriya, wadda ba ta daɗe da samun 'yancin kai ba, dattawa biyu su shaida asalin kakana, a ba ni nasu. Amma duk wanda ya karɓi jawaz ɗin wata ƙasa ya fita daga cikin masu jiran tabi'iyya. Sunana zai fita daga takardun Baba.

Na same shi da hantsi a tsakar gida yana soka nama a tsinke. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni, hannunsa bai tsaya ba har na gama.

"Kakanki ya baro gonarsa da danginsa don a binne shi kusa da Ɗakin Allah," ya ce. "Ke kuma za ki ɗauki jininsa ki kai wa Nasara."

"Baba, zuwa zan yi in dawo."

"Idan takarda ta fito gobe fa?"

"Shekara nawa ana cewa gobe, Baba?"

Ban san lokacin da maganar ta fita ba. Inna da ke bakin murhu ta ce, "Ke Kulu!" Baba ya ɗago ya dube ni, ba da fushi ba, da wani irin kallo da har yau idan na tuna sai in ji kunya. Ya ce ba shi da iko a kaina tunda mijina ya amince, Allah ya kiyaye hanya. Daga nan bai sake yi mini doguwar magana ba. Idan na gaishe shi ya amsa, halas, shi ke nan. Ranar tafiya bai zo ba. Inna ce ta zo da wani ƙunshi a tsohuwar jarida ta tura mini cikin jaka. Tun kafin in buɗe na ji ƙanshin yajinsa.

"Ya ce kada in ce shi ya bayar," in ji ta.

Ba zan cika ku da labarin Amurka ba, don ban ga komai ba sai asibiti da gidan mahaifin Madam. Tsoho ne mai farin gashi, tsohon lauya a wani ƙaramin gari mai sanyin da ban taɓa sanin akwai irinsa ba. A kan titi ana kallona, wasu su kau da kai, wata mata ta taɓa tashi daga kusa da ni a ɗakin jira. Amma tsohon nan da kansa ya tambayi inda gabas ɗinmu take, ya auna da taswira, ya manna 'yar takarda a bangon ɗakina. Aka yi wa Suzi aiki sau biyu. Da ta farka ba ta kira uwarta ba, ni ta kira, na ga abin ya sosa wa Madam rai amma ta haɗiye. Da cikina ya tsufa ba na iya goya ta, sai in zauna a gefen gadon in riƙe ƙafar mai lafiya har ta yi barci.

Na haihu da safe, Madam na riƙe da hannuna. Babu namiji Musulmi ko ɗaya a garin, don haka ni na yi wa jaririn kiran salla a kunne. Washegari wata ma'aikaciya ta zo da takarda ta tambayi sunan yaro, sunana, sunan uba. Sunan Baba na sa masa, shi ya sa har yau ba ku taɓa jin na kira yayanku da sunansa ba: ga shi ɗan fari, ga shi sunan mahaifi. Ranar dai dole na faɗa, har sau biyu, don ta iya rubutawa. Ta gama ta miƙe. Na ce wa Madam ta tambaye ta saura me, ina jiran a ce a kawo takardun uba, a kawo shaidu, a dawo bayan wata shida.

"Babu saura," in ji Madam. "Shi ke nan."

Na juya fuskata bango na yi kuka mai yawa. Babanku nake tunawa yana bin ƙofar baya.

Muka dawo Jidda Suzi tana takawa da ƙarfe a ƙafa, ni da jariri da jawaz biyu. Babanku ya riga ya yanka rago tun ranar da wasiƙa ta iso. Ya karɓi ɗansa, ya karɓi jawaz ɗin yaron ya juya shi gaba da baya, ya ce, "Ashe dai da gaske matar nan take." Daga nan muka wuce gidan Baba. Na miƙa masa jaririn. Ya tambayi Inna sunansa, ta faɗa masa. Ya daɗe yana kallon yaron.

"Mai sunana, an sha hanya," ya ce. Sannan ya dube ni. "Kin rame. Ba su da abinci ne a can?"

Sulhunmu ke nan, ba a ƙara tayar da maganar ba.

Kuna tambaya me ya sa ban yi muku haka ba. Hanyar sau ɗaya ta buɗe. Bayan shekara biyu aikin maigidan ya ƙare suka koma ƙasarsu, ni da Suzi muka yi kuka a filin jirgi har mutane na tsayawa kallo. Kuma kada ku manta, yayanku ma da iƙama ya girma a nan kamar ku, baƙo ne shi ma. Amfanin takardarsa bai zo ba sai da ya isa tafiya karatu, kuma da ya zo, ɗauke mini shi ya yi. Kuna ganin gata, ni kuwa sau nawa na gan shi tun daga lokacin? Abin da tafiyata ta jawo muku shi ne dattawan da suka shaide ni sun shaidi babanku daga baya, ya sami jawaz, ya daina rufe shago. Da wannan aka rubuta sunan kowannenku ranar da aka haife shi.

A shekarar da su Madam suka tafi, tabi'iyya ta fito. Baba, Inna, Sani, ƙannena mata biyu, kowa da sunansa. Maƙwabta suka cika gidan ana guɗa. Na je na yi guɗar tare da su, na dafa shinkafa, na raba. Baba yana zaune a gefe da takardar a cinyarsa, ko murmushi bai yi ba. Da gari ya waye ya sa farar rigar ya ce in biyo shi. Muka je ofis, ya tsaya gaban ma'aikaci, tsoho da furfura, yana roƙo. Ya ce 'yarsa ce ta fari, a Nuzla aka yanke mata cibi, kuskure ne na yarinta. Mutumin ya saurare shi da ladabi, ya ce ya Hajji, wannan ba a hannuna yake ba. Muka fito, Baba ya riƙe hannuna za mu tsallaka titi kamar ina 'yar shekara biyar.

Tunda su Madam, waɗanda nake zaune a ƙarƙashin sunansu, sun tafi, dole in sami sabon kafili, wato mai tsaya mini a hukuma, ko in bar ƙasar. Sani ne ya ce shi zai tsaya mini. Lokacin bai daɗe da fara aiki ba, ko aure bai yi ba. Muka je tare, ma'aikaci ya ɗauko takarda ya fara cikawa, ya tambaye shi mece ce ni a wurinsa.

"Yayata ce," in ji Sani. "Uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta goye ni."

Mutumin ya duba takardar sama da ƙasa, ya ce babu gurbin wannan a nan. Abin da ke akwai shi ne direba, mai dafa abinci, mai aikin gida. Sani ya miƙe tsaye, jijiyar wuyansa ta tashi, ya ce wallahi ba zai sa hannu a rubuta yayarsa 'yar aikinsa ba. Na ja rigarsa na zaunar da shi.

"Rubuta mai aikin gida," na ce wa mutumin. Na juya ga Sani na ce masa da Hausa, "Wa ya wanke maka kashi? Wa ya yi maka wanki har ka girma? Ai ba ƙarya aka rubuta ba. Yalla, sa hannu mu tafi, na bar tukunya a wuta."

Ya yi dariya, hawaye na zuba a kan takardar, ya sa hannu. Tun daga ranar bai sake bari na taka ofishin nan ba. Duk lokacin sabuntawa shi yake zuwa ya yi layi, ya kawo mini har ɗaki. Ga shi yanzu da sanda yake tafiya, jikokinsa sun yi aure, amma bai taɓa miƙo mini iƙamar nan a tsaye ba. Sai ya cire takalmi, ya durƙusa da ƙyar, ya miƙo da hannu biyu ya ce, "Yaya, ga takardarki."